Wa Ya Taurare Zuciyar Fir'auna?

Ran Lahadi bayan sujada wani abokina ya ce mini shi fa ba zai karɓi katin zaɓe ba, wai Allah ya riga ya ƙaddara wanda zai hau mulki. Ban ja da shi ba, sai na koma Littafin Fitowa.

A Fitowa 4:21, tun Musa bai isa Masar ba, Allah ya ce zai taurare zuciyar Fir'auna. To amma ku bi labarin a hankali. Bayan annobar kwaɗi (8:15) da ta ƙudaje (8:32), nassi ya ce Fir'auna ne da kansa ya taurare zuciyarsa. Sai a annoba ta shida, ta marurai (9:12), aka fara cewa Ubangiji ne ya taurare ta.

Nan fa malamai suka rabu. Mabiyan Calvin sun kafa hujja da Romawa 9, inda Bulus ya kwatanta Allah da maginin tukwane mai iko a kan yumɓunsa. Mabiyan Arminius suka ce Allah ya san abin da mutum zai zaɓa, amma bai tilasta masa ba. A taron Dort na ƙasar Holan, 1618 zuwa 1619, aka yi watsi da ra'ayin Arminius, sai dai cocin Methodist na riƙe da shi har yau.

Ni dai abin da na lura, ko Calvin bai cire wa mutum alhakin aikinsa ba. Fir'auna ai ya sha hukunci. Musa kuma, duk da an gaya masa yadda za ta kaya, sai da ya taka har fada, ba sau ɗaya ba. Wannan na tura wa abokin nawa a WhatsApp. Ya karanta, bai ce komai ba tukuna.