Ba Asiri Ba Ne, Tsatsa Ce: Man Da Ake Shafa Wa Bindiga Kafin A Ajiye Ta

Da zarar an gama girbi, ciyawa ta bushe, mafarauta sun fara ɗauko bindigoginsu daga inda suka jingine su tun farkon damina, sai labaran da aka saba su dawo. Wane ya ɗana kunama bindiga ta ƙi tashi, to dabbar ce ke da iskoki. Wane kuwa tasa ta fashe masa a hannu, lallai abokin gaba ne ya yi masa sammu. Haka ake ji daga bakin 'yan bindigar sarakuna idan hawan Sallah ya zo ɗaya daga cikinsu ya ji ciwo. Da wuya ka ji an tambayi abin da aka shafa wa bindigar ranar da aka ajiye ta, da kuma halin da cikin bututunta yake ciki a ranar.

Muhawarar da ake yi a majalisar maharba ba ta wuce tsakanin mai uku: man gyaɗa, manja, da baƙin man da bakanike ya juye daga inji. Kowa yana da hujjarsa, kuma a ganina dukansu sun tsallake tambayar farko. Kafin a yi maganar mai, me ke cikin bututun?

Albarushin gargajiya ba ya ƙonewa ƙurmus. Fiye da rabin nauyinsa yana zama toka da dauɗa, wani ya fita da hayaƙi, wani ya manne a bangon bututu. Wannan dauɗar cike take da gishirin sinadarai, dangin kanwa da na farar wuta, kuma halinsu shi ne jawo laima daga iska. Duk wadda ta taɓa ajiye gishiri a buɗaɗɗen kwano a watan Agusta ta san abin da nake nufi: ba ruwan sama ne ya taɓa shi ba, ba kuma wanda ya zuba masa ruwa, amma da safe za ta tarar ya jiƙe ya dunƙule. Abin da ke faruwa a cikin bututu ke nan, sai dai can babu idon da ke gani. Ruwan gishiri a kan ƙarfe kuwa yana cikin hanyoyin tsatsa mafi sauri.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Mai ba ya narkar da gishiri. Ka tsiyaya man da ya fi kowanne tsada a duniya a kan wannan dauɗa, gishirin yana nan a ƙarƙashi, ya riga ya sha laimarsa, yana cin ƙarfe a ɓoye, kai kuma hankalinka kwance don ka ga waje yana sheƙi. Abin da ke narkar da shi ruwa ne. Ruwan da maharbi ke gudu ya taɓa bindigarsa, shi ne maganin. Masu harba tsofaffin bindigogi a Turai da Amurka har gobe da ruwan zafi da ɗan sabulu suke wanke bututu, su yi ta dirza da tsumma a kan sanda har tsumman ya fito fari. Zafin ruwan yana ɗumama ƙarfen ya bushe da wuri, sannan a bi da mai nan take, kafin iska ta taɓa shi. Sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu ma sun san wannan, domin yawancin harsasan zamanin suna barin irin wannan gishiri a bututu, kuma wasu tsofaffin harsasan soja da ke yawo har yau haka suke.

Sai an wanke an busar ne maganar zaɓen mai take da ma'ana. Man gyaɗa da manja abinci ne, kuma abinci yana lalacewa. Idan suka daɗe a iska sukan yi ɗoyi, su saki tsami mai taɓa ƙarfe, su kuma yi danƙo irin wanda ake gani a wuyan tsohuwar kwalbar mai. Wannan danƙo idan ya taru a wajen kunama, yana rage ƙarfin bugunta, ko ya hana ta kamawa yadda ya kamata, ta kuɓuce ba a shirya ba. Manja ya fi muni, domin wanda ake sayarwa a kasuwa sau da yawa da ruwa a cikinsa, kuma da ma mai tsami ne.

Ba wai kakanni ba su san abin da suke yi ba da suka riƙa amfani da kitse. Kitsen da ba a sa masa gishiri ba, haɗe da kakin zuma, yana sa dauɗar albarushi ta zauna da laushi a ranar harbi, ta fita da sauƙi wajen wanki, har yau akwai masu yin haka a ƙasashen waje. Amma aikin yini guda daban, ajiyar wata biyar daban.

Baƙin mai kuwa sunansa ya isa. An juye shi ne don ya gama aiki. Akwai ƙurar ƙarfe a ciki, da toka, da ragowar fetur, da ruwa, da tsamin da ƙonewar mai ta haifar, ga shi likitoci sun daɗe suna gargaɗin cewa yawan taɓa shi na da haɗari ga fata. Abin mamaki, sabon man inji wanda bai taɓa shiga mota ba ya fi duk waɗannan ukun, don an zuba masa sinadaran hana tsatsa. Man keken ɗinki ma yana yi wa sassan da ke motsi aiki, sai dai ba shi da kauri, yakan zurare ya bar ƙarfe tsirara bayan 'yan makonni.

Wasu 'yan birni kuma sun ɗauki WD-40 maganin komai. An ƙirƙiro shi a San Diego ta Amurka a 1953 don kare jikin roka daga laima, kuma a korar ruwa gwani ne, shi ya sa yake da amfani bayan wanki. Amma mafi yawansa yana bin iska ya tafi, ɗan abin da ya rage bai kai ya tsare ƙarfe tsawon damina ba. Akwai man da aka yi musamman don bindiga, irin su Ballistol da aka haɗa a Jamus a 1904 don sojojin ƙasar, ga wanda ya samu.

Ajiya mai tsawo tana son abu mai kauri wanda zai zauna inda aka sa shi. Rundunonin soja sun daɗe suna amfani da wani maiƙo mai kama da kaki da ake kira Cosmoline. Bindigogin Tarayyar Sobiyet da aka dulmiya cikin irinsa sun yi shekaru gommai a akwatuna, aka buɗe aka same su lafiya lau. Ɗan'uwansa na kusa a kasuwarmu shi ne farin basilin marar turare, ko sabon giris, a shafa siriri ciki da waje. Gidajen tarihi kuma kaki suke sa wa tsofaffin makamai, kamar wanda masana a gidan tarihin Birtaniya suka haɗa a shekarun 1950, kuma da fadojinmu za su yi wa tsofaffin bindigogin da suka gada haka da sun kyauta.

Sai dai maiƙon da ya tsare bindiga a ajiye, shi ne zai iya fasa ta ranar harbi. Giris da aka bari a bututu toshiya ne, ƙarfin albarushi ya rasa hanyar fita sai ya nemi inda tsatsa ta riga ta raunana. Man da ya gangara gindin bututu kuma yana jiƙa albarushi, ko ya ƙi kamawa sam, ko ya yi jinkiri ya tashi bayan mutum ya sauke bindiga yana dubawa. Don haka a goge bututu ƙarƙaf kafin a ɗura komai. Haka ma da hunturu, mai da yawa a waje tarkon ƙura ne.

Wurin ajiya ma yana da nasa rabon. Ƙarfe yakan fara tsatsa da gaske idan laimar iska ta haura kusan kashi 60 cikin 100, kuma a tsakiyar damina ko a Kano tana wuce haka. Bangon ƙasa, ƙarƙashin gado, buhu, tsumma, kube na fata, duk suna riƙe laima su manna ta a jikin ƙarfe. Layun da ake ɗaurawa a bututu ma haka: a kwance ɗaya bayan damina a duba zoben tsatsar da ke ƙarƙashinsa. A jingine bindiga bakinta ƙasa don kada mai ya gangara ya ruɓar da ƙota, a ajiye ta babu komai a cikinta, a kulle inda yaro ba zai kai ba.

Wannan sakaci ba na talaka kaɗai ba ne. Lokacin da Amurka ta raba wa sojojinta bindigar M16 a yaƙin Biyetnam, da yawa ba a ba su kayan gogewa ba, har magana ta bazu cewa ita ke wanke kanta. Bindigogi suka riƙa cijewa a tsakiyar faɗa, aka rasa rayuka, sai da majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 1967. A nan gida, jihohi da dama sun ɗauki mafarauta da 'yan sa-kai aikin tsaro. Ranar ƙaddamarwa ana jera motoci da babura da sababbin kaki a gaban 'yan jarida, amma ban cika jin an ambaci wanda zai duba bututun bindigogin da waɗannan bayin Allah za su shiga daji da su ba, balle kuɗin mai da tsumman gogewa.