Gwangwanin maganin Gwaggo da saƙon da ya shigo zauren maniyyata

Ranar Asabar na je gaida Gwaggo, wadda za ta sauke farali bana, na tarar ta baje kayan tafiya a kan tabarma: garin kunu, yaji, hijabai, silifas ƙafa biyu. Gwangwanin da take ajiye magungunanta kuwa yana can kan taga. Na ce, "Gwaggo, wannan fa?" Ta ce, "Ai ɗan nan, an ce a bar shi a gida." Ta miƙo mini wayarta.

Saƙon murya ne da ya zaga zauren WhatsApp na maniyyatan unguwa, daga nan ya faɗo na danginmu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai ce shi likita ne ba, amma yana zuba da gadara kamar a asibiti aka haife shi.

Ya ce Saudiyya ta hana shiga da farasitamol. Ba gaskiya ba ne, a kantunan magani na Makka ma ana sayar da shi. Ya ce kada a ɗauki goro da tiramadol. Nan ya yi daidai: hukumar alhazai ta NAHCON ta sha gargaɗi a kan goro, tiramadol da kodin kuma suna iya kai mutum kurkuku. A ƙarshen 2018 wata ɗaliba daga Kano ta shafe wata huɗu a tsare a can saboda jakar ƙwayoyin da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai kuma ya ce a ɓare magunguna daga katinsu a juye a leda ɗaya don kada jami'an kwastan su gane. Ƙwayar da ba ta da kwali ba ta da suna ita ce ke jawo tuhuma, kuma mai ita ma ba zai bambanta ta safe da ta dare ba.

Maganarsa ta ƙarshe ce ta hana ni barci. Ya ce mai hawan jini da mai ciwon sukari su ajiye magani har su dawo, domin yana sa yawan fitsari ya hana riƙe alwala, kuma Zamzam ta wadatar.

Maganin hawan jini ba ya kashe ciwon, danne shi yake yi. In aka daina sha, cikin 'yan kwanaki jinin zai fara hawa, kuma sau da yawa ba ya aiko da ciwon kai ko jiri. Mutum na jin kansa garau sai kawai ɓarin jiki ya shanye. Irin su atenolol kuwa ba a yanke su farat ɗaya, zuciya kan shiga bugawa da sauri, mai ciwon zuciya yana iya faɗuwa. Mai sukari da ya bar allurar insulin, abin da yake gudu shi zai tarar: sukari in ya hau, ƙoda ce ke fitar da shi ta fitsari, sai fitsarin ya ƙaru, jiki ya bushe. A haɗa wannan da zafin Makka. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu, cikinsu har da tsofaffi da masu ciwo mai daɗewa. A irin wannan rana ake so dattijuwa ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa mai tsawon kilomita uku da 'yan kai, ta taka zuwa jifa ta dawo, ba magani a jikinta?

Ban ga laifin Gwaggo ba. Shekara nawa tana tara kuɗin kujerar nan, ta kuma ji labarin layin bayi a Mina, ba ta so alwala ta riƙa kufce mata a Arfa. Kuma ƙaryar tana da ɗan gishirin gaskiya, shi ya sa ta shiga kunne. Akwai magungunan hawan jini, kamar furosemide, da aikinsu ke nan su fitar da ruwa, a tsananin zafi suna iya busar da jiki. Glibenclamide ma, in an yi doguwar tafiya ciki babu abinci, yana iya kayar da sukari ƙasa har mutum ya suma, shi ya sa ake so dabino ya zauna a aljihu. Gyaran wannan aikin likita ne: ya sauya lokacin sha, ya rage, ko ya canza wani, tun ana saura makonni a tashi. Zamzam kuwa a sha a ƙoshi, a yi addu'a. Ban taɓa jin malamin bita ya ce haɗiyar ƙwaya na ɓata harami ko ta rage tawakkali ba, kuma mai larurar fitsari shari'a ta yi masa sauƙi, a tambayi malaman a ji.

Wanda ya naɗi saƙon nan dai ba zai je Makka ya yi jinyar kowa ba, waɗanda suka tura shi gaba ba tare da tambaya ba su ma suna da kamasho a ciki.

Ranar Litinin na raka Gwaggo asibiti. Likita ya mayar da ƙwayarta mai sa fitsari zuwa sassafe, ya rubuta takarda mai ɗauke da sunayen magungunanta da yawan da take sha. Muka sayi na kwana hamsin, kowanne a kwalinsa, na rubuta "safe" ko "dare" da babban baƙi. Duk suka shiga jakar hannu, domin babbar jaka takan yi kwanaki ba ta iso masauki ba. Maƙwabciyarta mai allurar insulin ita ma ta leƙo, muka gaya mata kada ta sa a kayan awo, sanyin ma'ajiyar kaya ta jirgi na iya daskarar da ita, wadda ta daskare kuwa ta lalace. Kwalbar da aka buɗe tana kai kimanin mako huɗu in ba ta sha zafi ba.

Gwaggo ta zuge jakar ta ce, "To ɗan nan, ka naɗa musu wannan bayanin kai ma, mu tara ne za mu tafi daga layin nan."