Hayar Fili Don Kiwon Dabbobi

A wannan mako maganar da za a duba ita ce ta mutumin da ke son kiwo amma ba shi da inda zai kafa turke. Irin waɗannan mutane suna da yawa a manyan garuruwa kamar su Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi. Wani malamin ofis ne, wani ɗan tireda, ya tara ɗan abin da ya tara yana so ya ɗaure raguna biyar ko bijimi guda, amma a gidan haya ya ke zaune, ko kuwa tsakar gidansa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Sai ya fita bayan gari ya sami wani manomi ya yanka masa gefen gona, a yi magana da fatar baki, a sha hannu, kowa ya kama gabansa. Rigimar da kan kai su gaban dagaci daga baya, tun a ran nan a ke shuka ta.

Tun kaka da kakanni akwai hanyoyi uku da mutum ke shiga gonar da ba tasa ba. Akwai aro, watau mai gona ya ba ka kyauta ka noma, in an yi girbi ka kai masa dami ɗaya ko biyu don alheri. Akwai haya, wadda a ke biyan kuɗi sananne. Akwai kuma jingina, inda mai gona ke karɓar kuɗi, gonar ta zauna a hannun mai kuɗin har ran da aka mayar masa da abinsa. To, aro da haya duka da damina a ke auna su. Ruwa ya sauka a shiga, a cire amfani a fita, shi ke nan babu abin da ya rage tsakanin mutum biyun nan. Kiwo kuwa ba haka ya ke ba. Mai kiwo ba ya tashi da kaka, yana kafa rumfa da shinge da kuɗinsa, sa'an nan yana barin wata dukiya a ƙasa, ita ce taki. Wanda ya ɗauki yarjejeniyar noma ya shiga kiwo da ita, ya sa rigar da ba a ɗinka dominsa ba.

TAKIN NA WANE NE?

Wannan ita ce tambayar fari, kuma ita ce aka fi mantawa. Saniya matsakaiciya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshen abinci wajen kilo 6 a yini, kusan rabinsa kuwa yana fitowa kashi. In tana ɗaure wuri ɗaya shekara guda, busasshen takin da za ta tara ya kusa tan ɗaya, ban da fitsari da ragowar harawa da ke ruɓewa a ciki. Na tumaki da awaki bai kai wannan yawa ba, amma manoma sun fi son sa, don ya fi ƙarfi. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ya san gonakinsu ana noma su kowace shekara ba hutu, abin da ke riƙe da su kuwa shi ne takin dabbobin da a ke ɗaurewa a gida da damina, a kwashe shi da mangala ko amalanke da bazara. A irin wannan wuri taki haja ne, yana da farashinsa.

Ga yadda abin kan kasance. Mai kiwo ya karɓi wani fako da ya gaji, wanda ko gero ba ya yi sai wuta-wuta. Ya shekara biyu a ciki, ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi. Mai gona ya zo wucewa ya ga abin da ya gani, sai kwatsam ya tuna ɗansa zai yi aure yana bukatar wurin noma. Mai kiwo ya kwance dabbobinsa, ya bar taki da guraben turaku, mai gona ya shuka masara a inda dā ba ta taɓa fitowa ba. Ba za a ce mai gona ya yi sata ba, gonarsa ce. Amma ya ci riba biyu, ga kuɗin haya ga taki.

Adalcin abin ba wuya gare shi, domin al'ada ta riga ta nuna hanya. In Fulani suka sauka a gonar manomi da kaka suka kwana da shanunsu, ai manomin ne ke ba su hatsi, ba su ke biyansa ba. Saboda haka ɗayan biyu za a zaɓa tun ran farko. Ko dai takin ya zama na mai gona, a rage kuɗin haya ko a yafe shi ɗungum, ko kuwa a biya haya cikakkiya, mai kiwo ya kwashe takinsa ya sayar ko ya kai gonarsa. Waɗansu kan raba biyu, wannan ma ba laifi, muddin an faɗa a gaban shaidu.

WA'ADI

Kada a ce "shekara guda" a yi shiru, domin shekarar manomi daban, ta mai kiwo daban. Manomi daga shuka zuwa shuka ya ke ƙidaya, mai turka rago kuwa Babbar Salla ya ke hange, ita kuma kowace shekara tana ja da baya da wajen kwana 11. A 2025 ran 6 ga watan Yuni aka yi ta. Ke nan a 'yan shekarun da ke biye watanni uku na turka suna faɗawa cikin bazara, daidai lokacin da harawa ta fi tsada, kuma daidai lokacin da mai gona ke son yin sharar gonarsa. Sai a ambaci rana da wata na shiga, da rana da wata na fita. Malaman fiƙihu ma sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san tsawon lokacinta da abin da za a biya.

Mai turka na wata uku ko huɗu, hayar rani ɗaya ta ishe shi, kuma ita ce ta fi sauƙin samu, tun da ya ke gonar zaune ta ke ba aiki. Amma wanda zai ajiye tumaki ko awaki don su hayayyafa, kada ya yarda da abin da ya gaza shekara uku. Tunkiya wata biyar ta ke ɗauke da ciki, kafin 'ya'yan su isa sayarwa an ci shekara, kuɗin shinge da rumfa kuwa ba su fita ba tukuna. A kuma yanka cewa duk wanda ke son a rabu zai ba ɗan'uwansa sanarwar wata uku.

FILI BA YA CIYAR DA DABBA

Kuskuren da 'yan birni suka fi yi shi ne zaton in sun sami eka guda, dabbobi za su yi ta kiwo a ciki su ƙoshi. A ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato ruwan sama na wata huɗu ne ko biyar, saniya ɗaya tana bukatar makiyaya mai faɗin hekta da dama kafin ta ci shekara. Ƙaramin fili wurin kwana ne da ajiyar abinci, cimar kuwa kawo ta za a yi. Saboda haka da yawan harawa a ke ƙidaya dabbobi, ba da faɗin fili ba. Rago mai kilo 30 zuwa 40 yana cin fiye da kilo ɗaya a yini, ke nan raguna goma a kwana 90 za su lashe wajen tan guda na harawa da dusa da angurya. Wanda bai sayi wannan da kaka ya ɗora a rumfa ba, da bazara zai saye shi da tsadar da za ta cinye ribar. Balami da Uda sun fi girma sun fi kuɗi a kasuwa, amma sun fi 'Yankasa ci.

Rubu'in eka, watau wajen mita 32 tsawo da 32 faɗi, ya ishi raguna goma da rumfarsu da wurin harawa, har a sami sauran da za a shuka gamba ko wake. In akwai gawo a ciki an yi sa'a, don yana ba da inuwa da rani, 'ya'yansa kuma abinci ne mai kyau. Sai dai a tuna itacen da ke gona na mai gona ne. A tambaya tun da wuri ko an yarda a kaɗe 'ya'yan ko a sassabe reshe.

DUBA WURI

Ruwa ne farko. Da bazara bijimi yana shan garwa biyu a yini, rago kuwa lita huɗu ko biyar. Filin da ya yi nisa da rijiya, arharsa ta banza ce, 'yan garuwa za su karɓe abin da aka rage. Amma fa kada neman ruwa ya kai mutum cikin fadama. Inda ruwa ke kwanciya akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar ciwon hanta, damshi kuma yana ruɓar da kofato. Jigawa mai ɗan tudu, wadda ruwa ke gangarewa, ita ce daidai.

Sa'an nan a tambayi maƙwabta, ba mai gona kaɗai ba, ko dabbobi sun taɓa mutuwa farat ɗaya a wurin, ko an taɓa binne mushe. Ƙwayar cutar saifa tana zama a ƙasa shekaru da yawa ba ta mutu ba, tana kuma kama mutane. Ba tsohon labari ba ne, a watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar rigakafinta, da ta harbin daji, da ta annobar nan ta tumaki da awaki mai sa majina da zawo. Malamin dabbobi na Ƙaramar Hukuma shi ne zai faɗi lokacin da ya kamata a yi kowacce. Dabbar da aka sayo daga kara kuwa a ware ta mako biyu ko uku kafin a haɗa ta da sauran.

Kada a karɓi filin da ya ci burtali, kome arharsa, domin hanyar shanu ba ta mai gona ba ce balle ya ba da ita haya. Filin da ba kowa kusa da shi ma a guje shi, sai in an shirya biyan mai gadi. Da damina kuma akuya ɗaya in ta tsallake ta shiga waken maƙwabci, mai ita ne zai biya ɓarna. Darni na kara shekara guda ya ke yi gara ta cinye. Shingen dashi ko na aguwa ya fi daɗewa tun da ya ke kamawa ya ke yi ya tsiro, amma da ya ke shi ba a tafiya da shi, ya kamata a sa shi cikin lissafin haya.

TAKARDA

A Nijeriya dokar ƙasa ta 1978, wadda ta biyo bayan ta Jihar Arewa ta 1962, ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, filayen karkara kuwa Ƙaramar Hukuma ke kula da su. Dokar ta ce mai riƙe da gona bisa al'ada ba zai jinginar da ita ko ya ba da ita haya ba sai da yardar Ƙaramar Hukuma. Mutanen ƙauye ba safai su kan bi wannan ba a hayar rani ɗaya, amma wanda zai haƙa rijiya ko ya yi gini, ganganci ne ya tsallake. A Jamhuriyar Nijar dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, akwai su har a matakin ƙauye, suna ba da takardar shaidar aro da ta haya da ta jingina.

Ko ba a je ofis ba, a rubuta a gaban mai unguwa ko dagaci, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe tasa. A sa iyakokin filin ta kusurwa huɗu, da ranar shiga da ta fita, da kuɗi, da irin dabbobin da yawansu, da maganar taki da itatuwa, da abin da za a yi da rumfa da shinge ran tashi. Wani abu kuma da a kan yi sakaci da shi: gonaki da yawa na gado ne da ba a raba ba. In wanda ya ba da hayar ɗaya ne cikin magada, a nemi sauran 'yan'uwansa maza da mata su sa hannu, ko babbansu ya sa a madadinsu da saninsu. In ba haka ba, ran da aka tashi rabon gado, alƙali da magada zai yi magana, mai raguna kuwa sai dai a ba shi kwanaki ya kwashe turakunsa.