Ruwan lambatu da ruwan sha: abin da ƙaramar na'urar gwaji ke iya ganowa

A shagunan intanet yanzu ana sayar da wata na'ura mai kama da biro da ake kira TDS mita. Ka tsoma bakinta a kofin ruwa, cikin daƙiƙu kaɗan lamba ta fito. Matasa da yawa sun saye ta suna gwada ruwan leda da na rijiyar burtsatse. Kafin mutum ya dogara da wannan lamba, ya kamata ya san inda ƙazantar ruwa ke fitowa.

Ina ruwan kwata yake tafiya?

A Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kai ruwan gidaje matata, irin matatar Wupa da ke Abuja. Ruwan wanka da wanki yana bin lambatu, na bayan gida kuma yana shiga masai ko sokawe. Wani ya nutse cikin ƙasa kusa da rijiyoyi, saura kuma ruwan damina ya kwashe shi zuwa kududdufai, rafuka da madatsun ruwa irin Dam ɗin Muhammadu Ayuba na Kazaure.

Kano ta riga ta nuna inda wannan hanya ke ƙarewa idan gari ya girma. Kogin Jakara yana ɗaukar ruwan kwatar birni, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su zuba a Dam ɗin Wasai, kuma da wannan ruwa ake noman kayan lambu a kan hanya. Daga kudu, masana'antun jimar fata na Challawa da Sharaɗa suna amfani da sinadarin kiromiyom, Kogin Challawa kuma yana gangarawa ya shiga Kogin Haɗeja mai ratsa Jigawa.

Me doka ta ce?

An kafa hukumar NESREA a 2007, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idojin kare ingancin ruwan saman ƙasa da na ƙarƙashinta. Manufarsu ita ce kada a saki gurɓataccen ruwa cikin kogi sai an tace shi ya cika ma'auni. A jiha akwai hukumar kare muhalli ta JISEPA. Matsalar ita ce aunawa. Idan jami'i sai lokaci-lokaci yake zuwa ɗaukar samfur, mai zubar da dagwalo da tsakar dare ya sha.

Indiya, wadda ke da majemai a birnin Kanfur kamar na Kano, ta bi ta hanyar fasaha. A 2014 hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta ƙasar ta umarci rukunin masana'antu 17 su ɗaura na'urori a bakin bututunsu, masu aika sakamakon awo kai tsaye zuwa kwamfutar hukuma ta intanet.

Iyakar na'urar hannu

TDS mita tana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, daga nan ta ƙiyasta yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya tsayar da miligiram 500 a kowace lita, ya kuma ce lambar pH, wato tsamin ruwa ko kanwarsa, ta tsaya tsakanin 6.5 da 8.5.

Amma na'urar ba ta ganin ƙwayar cuta. Ruwa zai iya nuna 80, garau a ido, alhali yana ɗauke da kwalara, cutar da aka yi zargin ta kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya a 2021, Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, wannan kuwa sai gwaji na musamman. Kiromiyom ma haka: iyakarsa miligiram 0.05 ne a lita, adadin da TDS mita ba za ta ko lura da shi ba.

Inda take da amfani

Amfaninta yana wajen bibiya. Ka zaɓi rijiya ɗaya ko bakin lambatu ɗaya, ka riƙa aunawa duk mako a lokaci guda. Ka kunna GPS a kyamarar wayarka domin hoto ya ɗauki wuri da kwanan wata, ka adana lambobin a Google Sheets. Idan lambar da ta saba zama 200 ta haura 600 bayan ruwan sama, wani abu ya shiga ruwan. Wannan hujja ce da za a iya kai wa mai unguwa, duba-gari na ƙaramar hukuma ko JISEPA, a nemi a ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji.

Kafin sakamako ya fito, a tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, komai ƙanƙantar lambar da na'ura ta nuna.