Ayarin Gishirin Bilma da Turkuɗin Kura

Wanda ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da rani, ya ga ruwa yana gudu cikin magudanai, ga alkama da tumatir da albasa kore shar, ba zai yi tsammani akwai abin da ya haɗa wannan wuri da hamada ba. Amma kuwa Kura tana ɗaya daga cikin wuraren da doguwar tafiyar Abzinawa take ƙarewa, tafiyar da ake yin yawancinta a ƙasa, ana jan raƙuma masu kaya cikin rairayi.

Tafiyar tana da kusurwa uku kamar murhu: dutsen Abzin, da Bilma a ƙasar Kawar, da ƙasar Hausa. Abzinawa suna da raƙuma, amma hatsinsu ba ya isarsu. Barebarin Bilma da Fashi suna da gishiri da dabino, amma gero ba ya yi a ƙasarsu. Hausawa kuwa suna da gero da tufafi, suna bukatar gishiri domin kansu da dabbobinsu. To, raƙumi shi ne ya haɗa ukun nan. Cinikin ya daɗe, gama Tarihin Kano ya nuna Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) shi ne ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, kuma a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) gishiri ya yawaita.

Ayari yakan tashi daga Abzin bayan ɗaukewar damina, wajen watan Oktoba, sa'ad da raƙuma suka ƙoshi, zafi kuma ya ragu. Tsakanin Agadas da Bilma akwai wajen kilomita 600, mafi yawansa cikin hamadar da Abzinawa suke kira Tenere, watau wurin da babu kome. Da yake ba abin da dabba za ta ci a can, sai a yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaurewa dami dami kafin a shiga. A kan ajiye waɗansu dammunan a hanya domin komowa. Ana ɗaure raƙuman jere, akalar wannan a jikin na gabansa, a kuma sa musu takunkumi don kada su cinye guzurin da ke bayan 'yan'uwansu.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne ba a tsayawa. Tun da sassafe ake ɗaura kaya, a yi ta tafiya har dare ya raba, watau wajen sa'a 16 kowace rana. Dalili kuwa, ruwa da ciyawa a ƙidaye suke, kowane yini da aka ƙara a hanya daga cikinsu yake fita. Kuma raƙuman da ke ɗaure, in suka tsaya sai su cakuɗe, kaya su zube. Saboda haka a tafe ake dama gero da cuku da dabino a sha, a tafe ake miƙa shayi. Mai salla yakan wuce gaba ya yi, ayari ya cim masa. Mutum yakan hau raƙumi in rana ta take ko gajiya ta kama shi, amma sauran lokaci a ƙasa yake.

Madugu ne a gaba, rayukan jama'a duk suna hannunsa, gama iska tana shafe sawu cikin ɗan lokaci. Da rana yana duban inuwa, da dare taurari. Tsakanin Fashi da Bilma tuddan rairayi a miƙe suke jere da juna, ayari yana bin kwarin da ke tsakaninsu. Wanda ya kuskure kwari ɗaya yana iya wuce rijiya bai sani ba. A dā akwai wata itaciya guda tak a bakin wata rijiya cikin Tenere, matafiya suna yin alama da ita. Wata babbar mota ta buge ta a 1973. Gangar jikinta tana gidan ajiye kayan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

A Kalala, kusa da Bilma, ake haƙa ramuka, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi. Mai tsabta, na miya, shi ne beza. Wanda aka cuɗa da ƙasa aka zuba cikin kututturen dabino da aka fafe shi ne kantu, nauyinsa wajen kilo 20, na dabbobi ne. In an sayar da gero an ɗauki gishiri da dabino, sai a komo Abzin, raƙuma su huta, sa'an nan a fuskanci kudu ta Damargu. Irin wannan ayari ne Heinrich Barth ya biyo a ƙarshen 1850, ya iso Kano cikin Fabrairu 1851.

A ƙasar Hausa ake cin rani. Raƙuma suna kiwo cikin gonakin da aka girbe, suna barin taki, masu su kuwa suna sayar da gishiri suna sayen geron baɗi. A nan ne Kura ta shigo. Ba-abzine bai cika mutum ba sai da rawani, rawanin da ya fi daraja a wurinsa kuwa shi ne turkuɗi. Ƙyallaye ne sirara ƙwarai ake ɗinke su, a rina su da baba a marina, a kai wa masu bugu su buga da garin shuni har ya yi walƙiya. Kura ta yi suna da wannan aiki har ana ce da rawanin Ɗan Kura. Shunin da ke zuba a fuskar mai naɗa shi ne ya sa Turawa suke kiran Abzinawa shuɗɗan mutane.

Harshe ma ya riƙe shaidar wannan cuɗanya. Kalmar raƙumi tushenta ɗaya da sunan dabbar a harsunan Berber, dangin Abzinanci, inda baƙaƙen su ne l, gh, m. Hausa ta mai da l ta zama r, gh ta zama ƙ, ta ƙara wasali a ƙarshe bisa al'adarta. Daga tushen nan ne Abzinawa suke kiran ayarin Bilma taghlamt. Amale da amawali da cuku su ma daga arewa suka zo. Abzinawa kuma da kalmar madugu suke kiran shugaban ayarinsu, kamar fataken Hausa.

Zamani ya taɓa kusurwoyin nan duka. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci kuma sun shiga ɗaukar gishiri. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ce take shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure. Alherinta a bayyane yake, amma gonar da ke da shuka da rani ba ta zama makiyaya.

Kalmomin suna nan, sai dai ma'anarsu tana gusawa. Ɗalibi ya san zangon karatu, bai san zangon da ake sauke kaya ba. Ana cewa an mai da wane raƙumi da akala, mai faɗar kuwa bai taɓa riƙe akala ba. Tsofaffin marina da masu bugu na Kura, waɗanda suka yi ciniki da Abzinawa baki da baki, su ne suka san sunayen kowane irin zane da yadda ake ƙidayar ƙyallayensa. Ya kamata masu nazarin Hausa su je su rubuta daga bakinsu tun suna da rai.