Talabijin ɗinka ne, amma wa ke iko da shi? Bayani kan manhajojin da kamfanoni ke cusa wa masu kallo

A watan Disamba na 2025, masu talabijin ƙirar LG a ƙasashe da dama sun wayi gari sun tarar da baƙon da ba su gayyata ba. Bayan talabijin ya sabunta manhajarsa ta intanet, sai alamar Copilot, wato mataimakin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin Microsoft, ta bayyana a fuskar allo. A lokacin ana iya ɓoye ta, amma ba a iya goge ta. Da ƙorafi ya yi yawa, LG ya ce alamar gajeriyar hanya ce kawai zuwa shafin intanet na Copilot, ya kuma yi alƙawarin ba da damar cire ta.

Mai karatu a Daura zai iya cewa wannan damuwar Turawa ce. Amma irin waɗannan talabijin ne ake saro wa daga shagunan Kano, ana sauke su a Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure. Su ne a cikin kayan ɗakin amare, su ne a gidajen kallon ƙwallo. Tambayar da lamarin ya tayar ta shafi kowa: idan ka biya kuɗinka ka sayi na'ura, shin kamfani na da hurumin sauya ta daga nesa ba tare da ya tambaye ka ba?

Me ya sa kamfanoni suka nace?

Ba LG kaɗai ba ne. Tun a watan Janairun 2025, a baje kolin kayan fasaha na CES da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka, LG da Samsung suka sanar cewa za su sanya Copilot a sababbin talabijin ɗinsu. Google ma ya fara shigar da nasa mataimakin, Gemini, cikin talabijin masu amfani da tsarin Google TV.

Dalilin yana cikin lissafin riba. Gasa ta karya farashin talabijin, har ribar da ake samu a kan akwatin ta zama 'yar kaɗan. Saboda haka kamfanoni suka koma neman kuɗi bayan an riga an sayar: ta tallace-tallacen da ke fitowa a allo, da bayanan masu kallo da ake amfani da su wajen tsara tallan. Kamfanin Vizio na Amurka ya nuna haka ƙarara. A wani zango na 2021, ribar da ya samu daga talla da bayanai ta ninka wadda ya samu daga sayar da talabijin. A 2024 kamfanin Walmart ya saye shi kan dala biliyan 2.3, kuma harkar tallan ce ta fi jan hankalinsa.

Mataimakin ƙirƙirarriyar basira ƙarin ƙofa ne a wannan ciniki. Duk tambayar da ka yi masa da baki ko a rubuce sai ta bi intanet zuwa kwamfutocin kamfani kafin amsa ta dawo, kuma tambayoyin mutum suna fallasa abin da ke ransa fiye da jerin tashoshin da yake kalla.

Idon da ke cikin allo

Kafin zuwan Copilot, akwai wata fasaha da ta daɗe a cikin talabijin na zamani, wadda ake taƙaita sunanta da ACR. Aikinta shi ne ta riƙa ɗaukar samfurin hoto ko sautin abin da ake kallo, ta mayar da shi wata shaida mai kama da zanen yatsa, ta aika wa kamfani domin a kwatanta da rumbun shirye-shirye a gane abin da ke kan allo.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, da Kwalejin Jami'ar Landan, da Jami'ar Carlos III ta Madrid suka fitar a 2024 ya gwada talabijin na Samsung da LG a Birtaniya da Amurka. Sun gano cewa fasahar tana aiki ko da abin da ake kallo ya shigo ne ta wayar HDMI daga wata na'ura. Ma'ana, idan talabijin yana haɗe da intanet, ba sai ka buɗe manhajarsa ba. Abin da ke fitowa daga dikoda ko kwamfuta ma yana cikin abin da zai iya gani. Sun kuma gano cewa idan aka kashe fasahar a saituna, aikawar tana tsayawa.

Tarihin wannan harka ba shi da kyau. A 2013 wani masanin kwamfuta ɗan Birtaniya ya gano talabijin ɗinsa na LG yana aika sunayen tashoshin da yake kalla, har da sunayen fayilolin da ke kan filas, duk da ya kashe zaɓin tattara bayanai. A 2017 Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da sanin masu su ba. A Disamban 2025 babban lauyan jihar Texas ya maka Sony, Samsung, LG, Hisense da TCL a kotu kan wannan fasaha.

Yadda lamarin yake a Daura

A yawancin gidajen masarautar Daura, talabijin bai taɓa shiga intanet ba. Kallo ya dogara ne ga tauraron ɗan'adam: Arewa24, tashoshin kyauta na wa'azi da labarai, da DStv, GOtv ko StarTimes ga mai hali. Fina-finan Kannywood kuwa a wurin masu turawa ake karɓo su a waya ko filas. Tsadar data, wadda ta ƙaru bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, da rashin tsayayyar wutar KEDCO, sun zama katanga da ba wanda ya gina ta da gangan. Talabijin da ba ya intanet ba ya aika komai, ba ya kuma karɓar baƙo.

Sai dai katangar ta fara tsagewa. Masu shirya fina-finan Hausa masu dogon zango sun koma YouTube. Ɗalibai da ma'aikata sun ƙaru a garin tun bayan kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Matashi kan raba wa talabijin data daga wayarsa domin iyali su kalli sabon fitowa a babban allo. A wannan ɗan lokaci ne talabijin ke samun damar sauko da sabuwar manhaja, ya cinye datar da aka saya domin kallo, ya kuma aika abin da ya tara.

Abin da gida ke kallo ba ƙaramin sirri ba ne. Tafsirin malamin da ake saurare a watan azumi, da tashar siyasar da maigida ya fi so, da lokacin da yara ke gaban allo, duk suna bayyana aƙida da ra'ayi da tsarin rayuwa. Mutanen Daura ba baƙi ba ne ga yadda 'yan kasuwar bayanai ke kutsawa siyasa: a 2018 jaridun Birtaniya suka bankaɗo cewa an ɗauki kamfanin Cambridge Analytica haya domin ya yaƙi takarar marigayi Muhammadu Buhari a zaɓen 2015.

Me doka ta ce?

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023, ta shafi har kamfanonin da ke waje matuƙar suna sarrafa bayanan mutanen da ke cikin ƙasar. Ta ce shiru ba amincewa ba ne, kuma mutum na da ikon janye amincewarsa. Hukumomi sun nuna suna iya cizo: a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220, a Yulin 2025 kuma hukumar NDPC ta ci tarar MultiChoice sama da naira miliyan 766 kan bayanan masu hulɗa da shi. Masu ƙera talabijin ma ya kamata a tambaye su abin da suke kwasa da inda suke kai shi, a kuma tilasta musu bayyana sharuɗɗansu cikin harshen da mai saye zai gane, ba dogon Turancin da mai haɗa dish ke danna wa amincewa a madadin maigida ba.

Abin da za ka iya yi yau

Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka ba talabijin lambar sirrin intanet tun ranar da aka kunna shi. Dikoda da filas za su yi aiki lafiya lau. Talabijin masu tsarin Google TV ma suna da zaɓin kallo na asali da ba ya buƙatar asusu. Idan ka riga ka haɗa shi, goge sunan intanet ɗin daga saituna, ko ka mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Wannan ya zama dole ga wanda ya sayi na hannu, domin asusun mai shi na farko na iya kasancewa a ciki.

Wanda ba zai iya rabuwa da YouTube ba, sai ya haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, ya bar talabijin ɗin kansa ba intanet. Idan kuwa haɗawar ta zama tilas, a kashe Live Plus a LG, da Viewing Information Services a Samsung, a hana sabunta manhaja kai tsaye, a kuma sake duba saitunan bayan kowace sabuntawa.

Akwai abin da za a rasa: manhajojin cikin talabijin da gyare-gyaren da kamfani kan aiko. Amma wannan ciniki ne da mai gida zai auna da kansa. Abin da bai dace ba shi ne a yanke masa hukunci daga Seoul ko Seattle, alhali da guminsa ya sayi kayan.