Fiyano ta yi shiru: a duba kafin a kai wa mai gyara

Ƴan kasuwa da mata masu ba da hayar kayan biki, fiyano mai aiki da wuta jari ce. Tun 1978 da Mamman Sani ya naɗi kiɗansa a Yamai, kunnenmu ya saba da ita. Amma sau da yawa muna ganin an kashe jikkuna wajen gyara, alhali ciwon ƙarami ne.

In ta ƙi kamawa, mu fara da taransifo. Galibin ƙananan Yamaha PSR bolti 12 suke ci, tsofaffin Casio da yawa kuwa bolti 9, kuma bakin wayarsu a juye yake. Wanda ya ari na wata ya sa wa wata, yana iya ƙone ta. Pil ma kada a bar su ciki, suna zubar da ruwa su ci ƙarfe.

In maɓalli guda ne ya yi shiru, yawanci ƙurar hunturu ce ta shiga ƙarƙashin robar da ke bayansa. Auduga da alkol sun isa, amma a cire wuta tukuna.

In sauti ne ya rikice a PSR-E, a danne farin maɓalli na ƙarshe a dama, sannan a kunna. Saitin zai koma na asali, abin da aka ajiye zai goge.

Mai sayen ta gwanjo kuwa, ya taɓa maɓallai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa kuɗi.